Hasken bayan fashewar gamma mai babban kuzari

Hasken bayan fashewar gamma shi ne hasken da ke ci gaba da fitowa daga wurin da fashewar gamma ta auku a sararin samaniya bayan walƙiyar farko ta wuce. Walƙiyar farko takan ɗauki daga ƙasa da daƙiƙa ɗaya zuwa 'yan mintuna, amma hasken da ke biyo bayanta yakan daɗe sa'o'i, kwanaki, wani lokaci har watanni ko shekaru, yana dusashewa kamar garwashi bayan harshen wuta ya mutu. Ana ganin sa a matsayin igiyar rediyo, hasken da ido ke gani, hasken X da kuma hasken gamma. Ɓangarensa mai babban kuzari, wato hasken X da gamma, shi ne ya fi saurin canzawa. Daga yadda yake hauhawa da sauka masana ke gano gudun abin da fashewar ta feso, da faɗin feshin, da irin iskar gas da ke kewaye da tauraron da ya mutu.

Ana sanya wa kowace fashewa suna da haruffan GRB, sai shekara da wata da ranar da aka gano ta. Misali GRB 190114C ita ce fashewa ta uku da aka sanar a ranar 14 ga Janairu, 2019.

Ma'aunin kuzari

Haske yana tafiya ne a ƙananan ƙwayoyi da ake kira foton, kuma ana auna kuzarin kowane foton da ma'aunin ilektron-bolt (eV). Foton na hasken da ido ke gani yana da kimanin eV 2 zuwa 3. Hasken X da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti yana da dubban eV masu yawa, kuma eV dubu ɗaya shi ne keV 1. Daga nan sai MeV (eV miliyan ɗaya), GeV (eV biliyan ɗaya) da TeV (eV tiriliyan ɗaya). Mafi yawan kuzarin walƙiyar farko yana fitowa ne tsakanin keV goma-goma zuwa 'yan MeV. A wajen masu nazarin gamma, hasken da ya wuce MeV 100 shi ne mai babban kuzari, wanda ya wuce GeV 100 kuma shi ne mai matsanancin kuzari.

Asalin fashewar

An kasa fashewar gamma gida biyu bisa tsawon walƙiyarsu. Dogaye, waɗanda suka wuce daƙiƙa 2, galibi suna faruwa ne idan cibiyar wani ƙaton tauraro ta rufta ta zama baƙin rami ko tauraron niyutron. Shaidar hakan ta fito fili a shekarar 2003, lokacin da aka ga sufanoba SN 2003dh a daidai gurbin GRB 030329. Gajeru, waɗanda ba su kai daƙiƙa 2 ba, galibi suna fitowa ne daga haɗewar taurarin niyutron biyu. Tauraron niyutron ya fi Rana nauyi, amma faɗinsa bai wuce kilomita 20 da 'yan kai ba, wato kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar Zariya zuwa Kaduna.

A duka biyun, abin da ya rage a tsakiya yakan feso siraran feshi guda biyu, ɗaya ta kowane ɓangare, da gudun da ya kusa kai na haske. Ana auna wannan gudu da adadin Lorentz. Idan adadin ya kai 100, gudun ya kai kashi 99.995 cikin ɗari na gudun haske, kuma a fashewar gamma adadin yakan fara daga kimanin 100 zuwa ɗaruruwa masu yawa. Walƙiyar farko tana samuwa ne a cikin feshin kansa. Hasken bayan fashewa kuwa yana samuwa ne lokacin da feshin ya ci karo da iskar gas da ke waje.

Tarihin ganowa

Taurarin ɗan Adam na Vela, waɗanda Amurka ta harba domin sa ido kan yarjejeniyar taƙaita gwajin makaman nukiliya ta 1963, su ne suka fara jin fashewar gamma a ranar 2 ga Yuli, 1967. Ray Klebesadel da Ian Strong da Roy Olson na cibiyar Los Alamos suka wallafa labarin a 1973. An yi shekaru fiye da ashirin ana gardama a kan nisan waɗannan fashewa, domin walƙiyar takan ɓace kafin a tantance gurbinta. Na'urar BATSE da ke kan tauraron Compton, wanda aka harba a 1991, ta ƙirga fashewa kimanin 2,700, ta kuma nuna cewa suna zuwa daga kowace kusurwa ta sama daidai wa daida. Wannan ya nuna alamar cewa daga wajen taron taurarinmu suke.

Masana nazari sun riga sun yi hasashen cewa dole a sami haske mai daɗewa bayan fashewar. Bohdan Paczyński da James Rhoads sun yi hasashen na rediyo a 1993, Peter Mészáros da Martin Rees kuma suka faɗaɗa lissafin a 1997. A ranar 28 ga Fabrairu, 1997, tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya gano GRB 970228, ya juya ya kalli wurin bayan sa'o'i 8, ya tarar da hasken X yana dusashewa. Tawagar Jan van Paradijs ta ga takwaransa na hasken ido da madubin hangen nesa na William Herschel a tsibirin La Palma. A watan Mayu na shekarar aka auna nisan GRB 970508, aka tabbatar cewa haskenta ya yi tafiyar biliyoyin shekaru kafin ya iso.

Tun kafin wannan an ga alamar cewa hasken mai babban kuzari yana daɗewa. A fashewar GRB 940217, na'urar EGRET ta ci gaba da samun hasken gamma har kimanin minti 90, ciki har da foton mai GeV 18 da ya iso fiye da sa'a ɗaya bayan farawar fashewar.

Yadda hasken ke samuwa

Yayin da feshin ke kutsawa cikin siririyar iskar gas da ke kewaye, yana tattara ta a gabansa kamar yadda ruwan ambaliya ke tura tarkace. A bakin karon ana samun igiyar karo da ke gaba, inda ƙwayoyin ilektron ke samun gudu mai tsanani, filin maganaɗisu kuma ya ƙarfafa. Ilektron da ke murɗawa a cikin filin maganaɗisu yana fitar da haske, kuma ana kiran wannan hanya sinkrotron. Ita ce ke samar da mafi yawan hasken daga rediyo har zuwa X. Re'em Sari da Tsvi Piran da Ramesh Narayan sun tsara cikakken lissafinta a 1998.

Da farko hasken yana ƙaruwa, saboda feshin yana ƙara tattara gas ba tare da ya rage gudu sosai ba. Idan gas ɗin da aka tattara ya yi yawan da zai fara taka wa feshin birki, hasken ya kai ƙololuwarsa ke nan. Lokacin da aka kai wannan ƙololuwa yana nuna gudun farko: feshi mai tsananin gudu yakan kai ta cikin 'yan daƙiƙu, mai ƙarancin gudu kuma sai bayan mintuna. Daga nan gudun ya riƙa raguwa bisa ƙa'idar da Roger Blandford da Christopher McKee suka fitar a 1976. Idan kaurin gas ɗin iri ɗaya ne ko'ina, adadin Lorentz yakan ragu zuwa ƙasa da rabi kaɗan duk lokacin da lokaci ya ninka sau goma.

Dusashewar tana bin wata ƙa'ida da ake rubutawa F ∝ t^−α, inda F ke nufin ƙarfin haske, t lokaci tun farawar fashewar, α kuma saurin dusashewa. Idan α ya zama 1, hasken da aka gani a minti na 100 kashi ɗaya ne cikin goma na wanda aka gani a minti na 10. Idan α ya zama 2, kashi ɗaya ne cikin ɗari. Canjin α daga wannan adadi zuwa wancan shi ne abin da masana suka fi bibiya, domin kowane canji alama ce ta wani abu da ya faru ga feshin.

Matakan hasken X

Kafin 2004 akan fara kallon hasken X ne sa'o'i bayan fashewa. Tauraron Swift na hukumar NASA, wanda aka harba a ranar 20 ga Nuwamba, 2004, yana iya juya kansa ya fuskanci fashewa cikin minti ɗaya zuwa biyu. Bayanan da ya tara sun nuna cewa farkon hasken X bai bin layi ɗaya. A 2006 aka bayyana matakan da ake yawan gani, ko da yake ba kowace fashewa ke nuna su duka ba.

Mataki na farko shi ne faɗuwa mai sauri a cikin 'yan ɗaruruwan daƙiƙu na farko, inda α kan kai 3 ko fiye. Wannan wutsiyar walƙiyar farko ce. Hasken da ya fito daga gefunan feshin yana da ɗan ƙarin tafiya fiye da na tsakiya, don haka yana isowa a makare kuma da rauni.

Mataki na biyu shi ne shimfiɗa, inda hasken ke raguwa a hankali ƙwarai, α kuma ya sauka zuwa kimanin 0.5 ko ƙasa. Yakan ɗauki daga mintuna zuwa 'yan sa'o'i. Bayanin da aka fi kawowa shi ne cewa ana ci gaba da ƙara wa igiyar karon kuzari, ko dai daga tauraron niyutron mai tsananin maganaɗisu da saurin juyawa, ko daga sassan feshin masu ƙarancin gudu da ke riskar na gaba daga baya.

Mataki na uku shi ne dusashewa ta al'ada, da α kimanin 1 zuwa 1.5, wadda ta dace da lissafin igiyar karo.

Mataki na huɗu shi ne karyewar feshi. Abu mai gudu kusa da na haske yana tattara haskensa gaba a cikin 'yar siririyar kusurwa, don haka da farko mai kallo ɗan ƙaramin yanki na fuskar feshin kawai yake gani. Da gudun ke raguwa, yankin da ake gani yana faɗaɗa, har ya kai bakin feshin. Daga nan babu sabon yanki da zai ƙara haske, sai α ya tashi zuwa kimanin 2. An ga irin wannan karyewa sarai a GRB 990510. Lokacin da ta faru yana ba da faɗin feshin, wanda galibi 'yan digiri ne kawai, kuma da shi ake gyara lissafin ainihin kuzarin fashewar.

Bayan waɗannan akwai tartsatsin X, wato hauhawar haske farat ɗaya da saurin sauka, waɗanda ake gani a kimanin kashi ɗaya cikin uku na fashewar da Swift ya bi. A GRB 050502B wani tartsatsi ya ninka hasken sau ɗaruruwa. Saurin canjinsu ya sa ake ganin cewa abin da ke tsakiya ne ke sake farfaɗowa.

Hasken GeV

An harba tauraron Fermi a ranar 11 ga Yuni, 2008. Babbar na'urarsa mai suna LAT tana jin haske daga MeV 20 zuwa sama da GeV 300. A shekaru goma na farko ta gano fashewa 186, kaso kaɗan daga cikin dubban da ƙaramar na'urar GBM ta ji a kuzari ƙasa da haka. Halaye uku suka riƙa maimaituwa. Hasken GeV yakan fara a makare, bayan na keV da MeV ya riga ya fara. Yakan daɗe bayan walƙiyar ta ƙare. Sannan yakan dusashe ba tare da tsalle-tsalle ba, da α kusa da 1. Waɗannan halaye sun sa Pawan Kumar da Rodolfo Barniol Duran suka kawo shawara a 2009 cewa hasken GeV mai daɗewa daga igiyar karon waje yake.

GRB 130427A ta 27 ga Afrilu, 2013 ita ce ta girgiza wannan bayani. LAT ta ci gaba da ganin ta kimanin sa'o'i 20. Foton mai GeV 95 ya iso kimanin minti 4 bayan farawa, wani mai GeV 32 kuma ya iso bayan fiye da sa'o'i 9.

Matsalar ita ce sinkrotron yana da iyaka. Ilektron na rasa kuzari da sauri yayin da yake haskawa, kuma akwai matakin da asarar ke cinye duk abin da yake samu. Wannan ya tsayar da kuzarin foton a kimanin MeV 100 zuwa 200 idan aka auna a cikin feshin, sai a ninka da adadin Lorentz domin samun abin da za a gani a duniya. Tun da adadin yana raguwa, iyakar ma tana sauka da lokaci. Bayan sa'o'i 9 ya kamata ta kasance 'yan GeV kawai, don haka foton mai GeV 32 ya nuna cewa ko akwai wata hanya ta biyu, ko lissafin iyakar yana buƙatar gyara.

Hasken TeV

Hanyar biyu da aka fi amincewa da ita ita ce watsawar Compton ta juye. A nan ilektron mai gudu yana bugun foton na sinkrotron da takwarorinsa suka fitar, ya ɗora masa kuzari mai yawa, har foton na X ya koma na TeV.

Irin wannan haske ba ya isowa ƙasa kai tsaye. Idan ya bugi iskar sama yakan haifar da ruwan ƙananan ƙwayoyi da ɗan walƙiyar shuɗin haske na Cherenkov, wadda manyan madubai ke kamawa a dare mai duhu. Ɗaya daga cikin manyan cibiyoyin wannan aiki tana nahiyar Afirka: H.E.S.S., a tsaunukan Khomas na Namibiya, wadda ta fara aiki a 2002. Tana da madubai huɗu masu faɗin mita 12 da kuma ɗaya mai mita 28 da aka ƙara a 2012.

H.E.S.S. ta gano haske tsakanin GeV 100 da 440 daga GRB 180720B kimanin sa'o'i 10 bayan fashewar. Madubai biyu na MAGIC a La Palma sun fara kallon GRB 190114C kimanin minti ɗaya bayan fashewa, suka sami foton har zuwa kusan TeV 1, hasken yana sauka da α kimanin 1.6. An wallafa sakamakon biyu a mujallar Nature a Nuwamban 2019, kuma bayanan MAGIC sun dace da samuwar hanya ta biyu.

GRB 190829A ta sake buɗe muhawarar. Tana kusa idan aka kwatanta da sauran, kimanin shekarun haske biliyan ɗaya. H.E.S.S. ta bi ta dare uku a jere, daga sa'o'i 4 zuwa 56 bayan fashewa, ta sami foton har zuwa TeV 3.3. Hasken TeV da na X sun dusashe tare, kowanne da α kusa da 1.1, kuma tsarin rabon kuzarinsu ya yi kama da na abu guda. Tawagar ta nuna a 2021 cewa bayanan sun fi sauƙin fassarawa idan sinkrotron ya zarce iyakar da aka sani, wasu masana kuma suka nuna cewa hanyar Compton na iya bayyana su.

GRB 221009A

Fashewa mafi haske da aka taɓa aunawa ta iso duniya a ranar Lahadi, 9 ga Oktoba, 2022, da misalin ƙarfe 2:17 na rana agogon Najeriya da Nijar, daga ɓangaren rukunin taurarin Sagitta. Ƙarfinta ya cika na'urorin taurarin ɗan Adam da dama har suka kasa ƙirga daidai, ya kuma taɓa saman iskar duniya mai ɗauke da caji. Iskar ta tare hasken, bai cutar da kowa a ƙasa ba. Wani nazari na 2023 ya ƙiyasta cewa irinta takan zo kamar sau ɗaya a shekaru 10,000.

Cibiyar LHAASO da ke Daocheng a lardin Sichuan na ƙasar Sin, a tsayin mita 4,410, tana kallon faffaɗan yanki na sama dare da rana, kuma fashewar ta faɗo cikin yankin da take kallo. Wannan ne karo na farko da aka ga farawar hasken TeV tun daga tushe. An ƙirga foton fiye da 64,000 masu kuzari sama da TeV 0.2 a cikin daƙiƙa 3,000 na farko. Hasken ya fara ne 'yan mintuna bayan alamar farko, ya hau ƙololuwa cikin kimanin daƙiƙa 10, ya riƙa sauka da α kimanin 1.1, sannan bayan kimanin daƙiƙa 650 saukar ta ƙara sauri zuwa kimanin 2.2. Tawagar ta fassara wannan a matsayin karyewar feshi, abin da ke nufin rabin faɗin cibiyar feshin kimanin digiri 0.8 ne kawai. Siririn feshi da ya fuskanci duniya kai tsaye yana daga cikin dalilan da suka sa ta yi haske haka. LHAASO ta kuma ba da rahoton foton har zuwa kimanin TeV 13.

Kallo daga gefe

Idan feshin bai fuskanci duniya ba, tsarin lokacin yakan juye. A ranar 17 ga Agusta, 2017, cibiyoyin LIGO da Virgo sun ji igiyoyin jan nauyi daga haɗewar taurarin niyutron biyu a taron taurari na NGC 4993, mai nisan kimanin shekarun haske miliyan 130. Walƙiyar gamma mai rauni, GRB 170817A, ta biyo baya da daƙiƙa 1.7. Tauraron Chandra bai ga hasken X ba sai bayan kwana 9. Hasken ya ci gaba da ƙaruwa har kimanin wata biyar kafin ya fara sauka. Dalili shi ne ana kallon feshin daga gefe, kuma sai da ya rage gudu haskensa ya bazu ya kai layin duniya.

Cikas ga bincike

Foton na TeV ba ya ratsa nisa mai yawa lafiya. A kan hanya yakan ci karo da raunanan hasken taurari da ƙura da ya cika sararin samaniya, su biyun su rikiɗe zuwa ilektron da kishiyarsa fositron. Asarar tana ƙaruwa da nisa da kuma kuzarin foton, shi ya sa mafi yawan fashewar da aka gani a TeV na kusa ne. Madubai na Cherenkov kuma suna buƙatar dare mai duhu da sama marar hadari, sannan sai sun juya bayan sun sami sanarwa, don haka sukan rasa daƙiƙun farko.

Bincike na gaba

Tambayoyin da masana ke aiki a kansu sun haɗa da musabbabin matakin shimfiɗa, da ainihin hanyar da ke samar da hasken TeV, da yadda igiyar karo ke ƙarfafa maganaɗisu. An harba Einstein Probe a Janairun 2024, sai SVOM na haɗin gwiwar Sin da Faransa a Yunin 2024, domin gano fashewa da bin haskensu na X da wuri. Ana kuma gina cibiyar CTAO a wurare biyu, La Palma da yankin Paranal na ƙasar Chile, wadda manyan madubanta aka tsara su su juya zuwa kowane gurbi cikin daƙiƙu kaɗan domin kama farkon hasken mai matsanancin kuzari.